Furen da Rekiya Ta Tsinka a Bakin Ƙofa

Rekiya tana da doka guda a sana'arta ta yin kek ɗin biki, kuma ba ita ta kafa ta ba. Mama Hannah ce ta kafa, manomiyar Yangoji da ke kawo mata furanni kowace Juma'a a bokiti biyu. Jan bokiti na ado ne, furannin da aka yi wa feshin magani, waɗanda ake jerawa a tebur da bayan kujerar amarya. Shuɗin bokiti kuma na ci ne: furen zogale, na zoɓo, na ɗoɗɗoya, da ƙananan wardi da magani bai taɓa sauka a kansu ba.

"Abin da bai fito daga shuɗin bokiti ba, kada ya hau kek," in ji Mama Hannah tun ranar farko. Shekara huɗu Rekiya tana riƙe da wannan magana.

Sai ga bazarar bana. Bayan ƙaramar Sallah bukukuwa suka taso a jere, zafi kuwa ba a magana. Ranar Asabar ɗin bikin 'yar Hajiya Bilqis, darakta a wata ma'aikatar tarayya, Rekiya ta buɗe firij da safe ta tarar an kwana babu wuta. Wardin nan duk sun yi laushi, sun koma kalar ganyen shayi. Ga shi Hajiya ta faɗa ta nanata: anko ruwan hoda ne, kek ma ruwan hoda take so, babba mai hawa uku da ƙanana ɗari da ashirin.

Daga Kubwa, inda take zaune, zuwa Yangoji ba nan kusa ba ne, lokaci kuma ya ƙure. Rekiya ta fito tsakar gida tana fifita da marfin kwali, sai idonta ya faɗa kan tukwane biyun da ke bakin ƙofarta. Wata 'yar bishiya ce mai ƙaton gindi da ta saya wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Duk zafin nan ita ko a jikinta, ta zubar da ganye ta cika da fure ruwan hoda, ainihin kalar ankon. Rekiya ta ce a ranta, ai abin tsoro a jan bokiti feshi ne, wannan kuwa da hannunta take ba ta ruwa, ba ta taɓa fesa mata komai ba. Ka ji inda wayo ya kai ta.

Ta tsinke furannin tas, ta ɗauraye, ta dasa kowanne cikin kirim har gindinsa ya nutse. Wallahi kek ɗin ya yi kyau, ita kanta sai da ta tsaya tana kallo. Ta ɗauki guda cikin ƙananan ta sa a firij, kamar yadda ta saba a kowane aiki: tana gasa ɗaya a kan adadin da aka nema, rabon 'yarta Nazeefa in ta dawo daga Islamiyya. Sauran ta kai su zauren biki a Asokoro da azahar, ta jera, ta ɗauki hoto ta ɗora a sitatus ɗin wayarta, ta wuce kasuwar Wuse sayen fulawa.

Tana cikin ciniki wayarta ta yi ƙara. Mama Hannah ce, kuma ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Maman Nazeefa, wannan fure da na gani a hoto, ina ka samo shi? Ba nawa ba ne."

"A gidana na tsinka, Mama. Naki sun lalace. Amma babu feshi a jikinsa."

"Gindin itacen yana da kumburi? In ka tsinka, ruwa yana fita?"

"Yana fita."

Da Mama Hannah ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Ƙariya ke nan. Da ruwansa kakanninmu suke shafa wa kibiya. In aka daka aka zuba a rafi, kifi yana tasowa ciki sama. Akuya ma ba ya kusantarsa. An ci?"

Tsoro irin wanda Rekiya ba ta taɓa sani ba ya kama ta. Ta duba agogon waya: uku da kwata. Ƙarfe huɗu aka ce za a yanka kek. Ta bar buhun fulawa a nan, mai shago yana kiranta ba ta ko waiwaya ba.

A mota ta kira Hajiya Bilqis sau shida, ba a ɗauka ba. Wa zai ji ƙarar waya a cikin kiɗan biki? Ta kira mai kula da zauren, a kashe. Wajen fita kasuwa motoci sun cushe, wani mai tasi ya gicciye hanya yana sauke fasinja hankalinsa kwance. Ta danna ham har tafin hannunta ya yi zafi. Abin da take gani a idonta kawai yara ne, yaran biki da ba sa jiran a ce bismilla, masu zagaya teburin kek suna miƙa hannu. Bakinta yana ta innalillahi, ba ta ma san tana yi ba.

Huɗu da 'yan mintoci ta isa. Ta shiga da gudu da silifas ɗin kasuwa, mayafi a hannu. Zaure ya cika maƙil da ruwan hoda. Can gaba amarya da ango sun riƙe wuƙa tare, mai gabatarwa yana cewa a ƙirga da shi, ma'aikatan abinci kuma sun ɗauki farantan ƙananan kek suna jiran a yanka su fara rabo.

Rekiya ba ta san lokacin da ta fizge makirufo daga hannun mutumin ba.

"Don girman Allah kada a ci. Kada kowa ya taɓa kek ɗin nan. Ni na yi shi, furen da ke kai guba ne. Kuskurena ne."

Kiɗa ya tsaya. Amarya ta saki wuƙa. Wata mata ta janye ɗanta daga gaban faranti da ƙarfi har ya fashe da kuka. Hajiya Bilqis ta taso, fuskarta ba annuri, ta tsaya dab da Rekiya.

"Kin san abin da kika faɗa a gaban surukaina?"

"Na sani, Hajiya. Ki yi mini duk abin da kika ga dama daga baya. Yanzu a dawo da farantan in ƙirga."

Aka dawo da su. Rekiya ta duba babban kek, wuƙa ba ta ko shiga ba. Ta bi ƙananan da yatsa, ta ɓata lissafi ta sake daga farko. Mutum ɗari uku sun zuba mata ido, ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ɗari da sha takwas, ɗari da sha tara, ɗari da ashirin. Cif. Kowanne da furensa a kai.

"Sun cika," ta ce. "Alhamdu lillahi, ba wanda ya ci."

Ta dafa tebur, numfashinta ya fara dawowa. Sana'a ta tafi, ta san wannan, gobe duk Abuja za ta ji. Ta ji ba ta damu ba. Ɗari da ashirin aka ce ta yi, ga ɗari da ashirin.

A nan ne abin ya faɗo mata. Ita ai ba ta taɓa gasa daidai adadi ba.

Ƙarfe huɗu ake tashi daga Islamiyya. Yanzu huɗu da ashirin da biyar. Maigidanta Uthman yana Lakwaja wurin aiki, gidan daga Nazeefa sai mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta cika jin waya ba. Rekiya ta lalubi lambar tsohuwar, wayar ta suɓuce ta faɗi, ta durƙusa ta ɗauka a nan ƙasa. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar.

"Salamu alaikum, Ummi." Muryar Nazeefa ce, 'yar shekara tara, wasai da ita.

"Nazeefa, kin buɗe firij?"

"Na buɗe. Ummi, na yau ya fi na kullum kyau."

"Kin ci?"

"Tukuna. Na raba biyu, rabi nawa rabi na Kaka. Tana sallar La'asar ne, ina jira ta sallame. Har furen na raba mana."

Rekiya ta rufe ido, hawaye suka zubo. "Ajiye shi. Kada ki ci, kada ki ba Kaka. Je ki wanke hannunki da sabulu yanzu, ina jin ki."

"To." Aka ji ƙarar famfo. Sai yarinyar ta ce, a hankali, irin muryar wanda ke tsoron faɗa, "Ummi, na ɗan lashi wuƙar."

"Da yawa?"

"Kaɗan. Da ɗaci ma, na tofar."

Rekiya ta miƙe ta zaro makullin mota. Wani hannu mai zobba ya karɓe shi. Hajiya Bilqis ce, wadda ashe duk tana tsaye tana saurare.

"Ba za ki iya tuƙi a haka ba. Direbana zai kai ki, ku ɗauke ta ku wuce asibiti. Ƙanena likita ne, zan kira shi ya tare ku." Ta tura ta da hannu. "Tafi mana."

A kujerar baya ta motar Hajiya, Rekiya ta manna waya a kunne da hannu biyu. Titin Kubwa bai taɓa yi mata tsawo irin na yau ba.

"Kada ki kashe, Nazeefa. Kurkure bakinki, ki zauna kusa da Kaka. Cikinki yana ciwo?"

"A'a. Ummi, laifi na yi?"

"Ba ki yi ba, 'yata. Ni na yi. Ki yi ta yi mini magana har in iso."

"Me zan ce?"

"Komai. Biya mini haddar yau."

Yarinyar ta yi bismilla ta fara. Rekiya ba ta bin ayoyin, numfashin da ke tsakaninsu take saurare.