Suren Mma Shetu

"Kai! Kai mai koriyar riga! Cire hannunka daga nan!"

Daga barandarmu ta hawa na biyu nake wannan ihu, ni Malama Ummu Salma da na ƙare aikin koyarwa ban taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Yaron bai ji ba, ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa. Ya sunkuya ya tumɓuke wani karan yakuwa, ya karkaɗe, ya cusa a baƙar leda.

Kafin in lallaɓa gwiwoyina in sauka, in zagaya bayan gini inda lambun unguwa yake, aikin gama ya gama. Warin gumi ne ya fara tarye ni.

Gungun masu korayen riguna ne cike da lambun, wai sunansu 'Yan Gudun Lada. Yawancinsu samarinmu ne na Kano masu saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu suna aikawa gida, sai 'yan Gana kaɗan da wasu 'yan matan nan Guangzhou, birnin Sinawan da muke zaune. Likita ya ce musu tumbi ya yi yawa, malami ya ce musu wanda ya shuka abu har tsuntsu ya ci yana da lada, sai suka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Duk Asabar su rugo a guje, su afka wa lambun, su yi ɗan aiki, a ɗauki hoto, su sake rugawa. Agogon hannunsu na faɗa musu kitsen da ya narke. Na ladan ma ina jin yana nan tafe, Sinawa ba su gama ƙera shi ba ne.

Shugabansu Zayyad ya taho yana haki yana washe baki.

"Hajiya, ina kwana? Kin ga yadda muka gyara wa Mma Shetu wurinta? Duk ya bushe, ya koma juji."

"Zayyad, a ina aka haife ka?"

"Fagge, Hajiya."

"Ba ka taɓa ganin yakuwar da aka bari ta yi iri ba?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ni a miya na san ta."

"Ina ledojin?"

Mai keken shara ya riga ya kwashe. Na bi har ƙofa. Tsohon Basinen da ke gadi ya kaɗa min hannu yana cewa, "Meyo, meyo." Babu. Kalmar da na fara koya ke nan a garin nan, ita ce kuma ba ta taɓa yi min ƙarya ba.

Mma Shetu maƙwabciyata ce, 'yar Zangon Kumasi, tana zaune a hawa na shida a ginin da ba shi da lifta. Ta daɗe tana dafa wa 'yan kasuwa tuwo kafin zuciyarta ta fara kumburi. Ni ɗana Abdulbaƙi ya kawo ni renon jikoki, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, sai ɗan ƙaninta Waris mai loda kaya a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Hausarta ba ta san mace da namiji ba. "Malama, ka zo?" Na yi ta gyara mata har na gaji, na haƙura na zama namiji.

Abin da muke kira yakuwa ita sure take ce masa. Irin na mahaifiyarta ne, a ƙulle cikin tsumma ta zo da shi. Kowace shekara sai ta shuka a ɗan filin da kwamitin unguwa ya ba ta, wanda bai fi tabarma biyu ba, ta ci ganye, ta bar 'yan karare su bushe ta ɗebi na baɗi. Na sha gaya mata Sinawa ma suna noma yakuwa, a waya ma za a sayo irin.

"Wannan ba shi da tsami," in ji ta. "Tsamin asibiti gare shi."

Ni dai na ɗanɗana duka biyun ban ji bambanci ba, kuma na faɗa mata. Amma ba harshena ake tambaya ba.

Bana, a lokacin nan da bango ke zufa kaya su ƙi bushewa, ragowar irin da ta adana a kwalba ya yi fumfuna. Kararen nan da ke tsaye a lambu su kaɗai suka rage mata. Tun da ta kwanta nake leƙa su daga baranda safe da yamma, in hau in kai mata labari kamar mai zuwa daga ɗakin haihuwa.

Ranar ma na hau, ina hutawa a kowane hawa. Na same ta jingine da matasai, ƙafafunta sun kumbura kamar tulu.

"Malama, ka duba? Sun fara tsagewa?"

Mutane na cewa majinyaci ba a gaya masa mummunan labari. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba, na dai lura masu lafiya take hutarwa. Ina cikin juya maganar a bakina aka yi sallama. Zayyad ne, bai ko canza riga ba, da waya a hannu.

"Mma, sannu da jiki. Mun kawo miki albishir."

"Zayyad," na ce.

"Bari ta gani, Hajiya, zai faranta mata. Kin ga nan kafin mu zo. Kin ga nan bayan mun gama."

Ya goga yatsa. Ga kararen a tsaye da 'ya'yansu jajaye sun ƙeƙashe. Ya sake gogawa. Ga ƙasa fayau, su kuma sun jeru a kanta kowa ya ɗaga yatsu biyu.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsanta ta mayar da hoton baya, ta sake kallo.

"Kun share tas," ta ce. "Allah ya ba da lada."

"Amin, Mma! Mutum ɗari biyu sun yaba hoton."

Ta miƙa masa wayarsa, ta juya ta fuskanci bango.

Ran Litinin da hantsi ta cika. Ba zan ce yakuwa ce ta kashe ta ba. Likita ya ce zuciya, kuma na ga ƙafafun da idona. Abin da na sani, tsakanin Asabar da Litinin ba ta ƙara tambayata komai ba.

Da safen ranar addu'ar uku na leƙa baranda na ga korayen riguna a filinta. Kwamiti ya bar musu wurin. Suna ta tsalle a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa don ta daidaita, sannan suka shimfiɗa ciyawar roba, wai inda za su riƙa miƙe jijiya don tunawa da marigayiya. Daga nan suka hauro ta'aziyya a guje, saboda matakala ma motsa jiki ce.

Ɗakin ya cika. Waris na zaune idanunsa jawur. Matar wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ta ja numfashi ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ko iri ba ta bari ba."

Na tashi na fita, don kada in yi magana a gidan mutuwa.

A bakin ƙofa takalmansu ne zube, manya-manya, masu tsada, da jiƙaƙƙun safa a cuse a ciki. Warin kamar an buɗe daddawar da ta ruɓe. Na toshe hanci da mayafi, na sa ƙafa na ture wani daga hanya. Ya kife. A tsagar tafinsa, cikin laka, wani abu baƙi-baƙi ya maƙale, lanƙwasasshe kamar ƙodar ɗan tsako.

Na gyara tabarau. Na dafa bango na zauna a kan matakala, na ciro tsinken sakace daga jakata.

A ciki liman ya fara addu'a, ina jin muryar Zayyad ta fi ta kowa a wajen amin. Na zaƙulo ƙwayar suren, na goge ta da yatsa, na ƙulle a gefen mayafina. Sannan na ɗauke numfashi, na jawo takalmi na gaba.