Addu'ar Wanda Ya Ce Babu Mai Ji

A gidansu Alfred ba a taɓa jin wani ya dubi idon ɗan'uwansa ya ce "ka yi mini laifi" ba, balle "yi haƙuri". Tun suna yara a Bukuru haka suka taso. Duk maganar da ta yi nauyi sai a jira lokacin addu'a, a kama hannun juna, a rufe ido, a gaya wa Ubangiji da ƙarfi yadda wanda ake nufi zai ji. In aka ce, "Ya Uba, ka taɓa zuciyar masu aron tukunya su mance hanyar dawo da ita," kafin rana ta faɗi tukunya ta dawo. Da suka zo Ingila ma ba su bar al'adar a filin jirgi ba. Kowace Lahadi da ƙarfe bakwai, yayarsa Kaneng da ke unguwar Handsworth a Birmingham takan haɗa dangi a waya, kuma a cikin addu'ar nan ake jin wa ya sami aiki, wa ke da ciki, wa ya wuce wa bai gaishe shi ba.

Shi kuwa Alfred shekara uku ke nan da ya daina yarda akwai mai sauraro. Ba wani bala'i ne ya same shi ba. Gadi yake yi a wani ɗakin ajiyar kaya a Manchester, zama ya yi masa yawa, ya yi ta karance-karance a waya, wata rana ya leƙa zuciyarsa ya tarar bangaskiya ta kwashe kayanta ta fita ba sallama. Da ya kama bakinsa da an zauna lafiya. Amma ranar Kirsimetin bara waccan, a teburin Kaneng, addu'ar abinci ta kai minti ashirin da biyar har man miya ya daskare. Alfred ya zare hannunsa daga nata, ya ɗauki cinyar kaza, ya ce, "Yaya, babu kowa a kan layin nan. Mu ci abinci."

Tun daga ranar ko ci kanka Kaneng ba ta sake ce masa ba. Shi ma ya daina shiga addu'ar Lahadi, yana ganin ya huta. Bai san ya rufe wa kansa rediyon gidan ba ne.

Wata Juma'a ya dawo gidansu a unguwar Gorton ya tarar da matarsa Tabitha tana naɗe atamfa cikin takardar kyauta.

"Ta wace ce?"

"Ta Yaya Kaneng mana. Kyautar sallama ce."

"Ina za ta?"

Tabitha ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan 'yarsu. "Gida. Ta yi ritaya, ta mayar wa hukuma da gidan da take haya, jirginta ranar Talata."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

'Yarsu Chloe ba ta ko ɗaga kai daga littafinta ba, ta ce, "Dad, it was in the prayer. Since March."

"A addu'ar Lahadi aka faɗa, wata huɗu ke nan muna roƙa mata sauka lafiya," in ji Tabitha. "Har lambar jirgin ta faɗa wa Ubangiji sau biyu."

Alfred ya zauna a bakin kujera, tsoro ya kama shi. Kaneng ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi ta tallar tumatir har ya gama sakandare, ita ta kawo shi ƙasar nan. Ya kuma san halinta sarai. In ta hau jirgin nan ba su yi magana ba, to shirun zai bi su har kabari, don Kaneng ba ta iya fushi rabi ba.

Ranar Lahadi suka kama hanyar Birmingham a motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinsu Jalilu, mutumin Kumasi, wanda aka roƙa ya kai akwatunan Kaneng wurin masu aika kaya ta ruwa. Tabitha da Chloe sun riga su tafiya a bas tun Asabar don taya girki. A hanya Alfred ya zazzage wa Jalilu komai.

"To ka ba ta haƙuri mana," in ji Jalilu.

"A gidanmu ba a yi kai tsaye. Sai ta cikin addu'a."

"To ka yi addu'ar."

"Da wa zan yi magana? Munafunci ke nan."

"In babu shi, wa ka yi wa munafuncin?"

Duk littattafan da Alfred ya karanta a wurin gadi babu wanda ya tanadar masa amsar direba.

Suka tsaya a wurin hutawar matafiya a kan babbar hanyar M6, Jalilu ya shimfiɗa darduma a gefen mota ya yi Azahar, Alfred yana tsaye yana tare masa iska. Da suka koma mota Alfred ya ce, "Kai yanzu in aka tabbatar maka babu, za ka ci gaba da wannan?"

"A'uzubillahi. Akwai shi, malam." Jalilu ya tayar da mota. "Amma bari in gaya maka. Sau biyar a rana nake sakin sitiyari, in wanke fuska, in daina zagin masu manyan motoci. Matata Nusrat ta ce ranar da na makara da La'asar, daga yadda na rufe ƙofa take ganewa. Ko ita kaɗai aka tambaya, ba za ta bari in daina ba."

A Handsworth, Kaneng ce ta buɗe ƙofa. Ta rungumi Jalilu da gaisuwa, ta tambayi Nusrat da yara ɗaya bayan ɗaya. Alfred ya ce, "Yaya, ina wuni?" Ta juya ta ce da Tabitha, "Ki gaya wa masu ɗaukar kaya a fara da akwatin sama." Ya bi ta kicin ya tattara ƙarfin hali ya ce, "Yaya, ina so in..." Sai ta kunna injin markaɗe, alhali babu komai a cikinsa sai ruwa.

Da aka gama loda kaya aka jera abinci a kan kwali, don an riga an kyautar da teburin: gwaten acca, shinkafa, da kaza. Aka kama hannu, Tabitha ta yi dabarar da Alfred ya faɗo kusa da yayarsa. Kaneng ta ba shi yatsu biyu kawai. Sannan ta dubi silin ta ce, "Wani namiji ya sa mana albarka."

Maza biyu ne a ɗakin. Jalilu ya yi wuf ya ce, "Ni baƙo ne, kuma Musulmi."

Aka rufe ido. Alfred ya sunkuyar da kai.

"To," ya fara. Ya yi gyaran murya. "Ni dai ka san matsayina, in kana nan. In ba ka nan kuma, akwai waɗanda suke nan." Tabitha ta taka masa ƙafa. "Akwai wani yaro da aka goya a Bukuru, ya girma ya karanta abubuwa a waya, ya ɗauka ya fi mai goyon sani. Ya ci kaza ba a ce amin ba. Ba ya neman a yafe masa tunaninsa, don har yanzu yana nan a kansa. Amma bakinsa ya yi kuskure, hannunsa ma ya yi." Ya ci gaba. "Wata goma sha tara bai ji muryar yayarsa ta kira sunansa ba, kuma abin yana cinsa. Kada a bari ta hau jirgi haka."

Ba wanda ya ce amin.

Sai Kaneng ta ja numfashi. "Ya Uba mai jinƙai," ta ce, "mun gode da ka buɗe bakin bebe." Jalilu ya yi tari. "Ka san masu taurin kai, kai ka halicce su, ni na yi musu wanka. Ka gaya wa wanda ya ce ba ka nan cewa ban tambaye shi ra'ayinsa ba. Ka tuna masa Lahadi ƙarfe bakwai, daga Jos ma layin ba zai canza ba. In ba zai iya magana da kai ba, ya zo ya yi shiru, mu za mu yi." Daga nan ta shiga roƙa wa matuƙin jirgi, da matarsa, da masu duba fasfo, da tayoyin motar Jalilu guda huɗu har da na ajiya.

Wajen minti na ashirin gwate ya yi sanyi, cikin Alfred ya yi ƙugi har kowa ya ji. Bai motsa ba, bai buɗe ido ba. Sai ya ji ta saki hannunsa, gabansa ya faɗi.

Addu'ar ba ta tsaya ba, tana kan masu ɗaukar jaka a filin jirgin Abuja. Can ya ji an buɗe tafin hannunsa an danƙa masa wani abu mai maiƙo, an naɗe yatsunsa a kai. Cinyar kaza ce.

"Ka ciyar da shi, ya Uba," in ji Kaneng, idonta a rufe, "don Alfred tun yana goye ba ya jure yunwa."