Yammacin Rigachikun a Kan Miksa

Tun da yanar ido ta rufe wa Malam Abdullahi gani, ba ya son a bar shi shi kaɗai a gida. Shi ya sa ranar Laraba, da suka fito daga asibiti, 'yarsa Uwani ta wuce da shi wurin aikinta, wani ɗan sutudiyo a Unguwar Dosa inda take haɗa sautin wasan kwaikwayon rediyo.

Ta zaunar da shi kusa da miksa, na'urar nan mai faɗi da ake cakuɗa sauti a kanta. Ya kai hannu yana laluba, ya ji maɓallai jere reras.

"Uwani, duk wannan tarkacen kin san aikinsu?"

"Layi-layi ne, Baba. Kowane layi da sautin da yake ɗauke da shi. Kawo hannunka."

Ta ɗora yatsansa kan maɓallin ƙasan layin farko, irin wanda ake turawa. "Tura sama a hankali."

Ya tura. Ruwan sama ya fara sauka a cikin lasifika, yayyafi tukuna, sannan ya kece. Malam ya janye hannu da sauri, ya yi dariya.

Wasan da take haɗawa na ƙauye ne, don haka layukan cike suke da kayan ƙauye. Na biyu daka, na uku kukan kurciya, na huɗu jirgin ƙasa. Ya tura su ɗaya bayan ɗaya. Da jirgin ya yi kuka, tsohon ya gyara zama.

"Wannan ya matso da yawa. Namu na Rigachikun daga nesa muke jin sa, ta bayan gonar dawa. Kuma ta hagu yake fitowa."

Uwani ta nuna masa wani ɗan maɓalli da ake murɗawa. Ya murɗa, jirgin ya koma hagu. Ta sa ya rage wa sautin kaifi da wani maɓallin da ke sama da wannan, kukan ya yi laushi kamar ya ratso hazo. Daga nan ba ta ƙara kama masa hannu ba. Ya sassauta ruwan har ya zama ɗigo daga indararo, ya kai turmin can dama, wajen gidan maƙwabta, ya bar kurciyar a tsakiya. Kansa na jingine da kujera, leɓɓansa na motsi. Ita kanta Uwani, da ba ta taɓa kwana a garin ba, sai ta ji kamar tana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "War haka Inna take kirana in shigo da awaki."

"Ba ni da wannan, Baba. Amma akwai layi guda da babu komai a kai."

"To shiga ki kira. Tanko take ce mini."

Uwani ta sunkuyar da kai. "Ni in kira ka da suna?"

"Ba ke za ki kira ba, ai sunanta kika ci. Je ki."

Ta kunna layin, ta ɗora masa yatsu a kai, ta shiga ƙaramin ɗakin gilashi ta tsaya gaban makirfo. Da farko muryarta ta fito a tsorace. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu alamar ta ja sunan. Ta cika ƙirji.

"Tankooo!"

Ta cikin gilashin ta ga ya ja maɓallin ƙasa kaɗan, ya laluba ya murɗa wani, ya sake yi mata alama. Ta kira, ta kuma kira. Kowane karo yana ƙara nesanta muryar, har ya tsaya cak, hannunsa a sake.

Ta ga bakinsa ya buɗe. Ba ta jin sa daga ciki, amma ta gane abin da ya ce. Na'am ya ce.

Da ta fito, fuskarsa a jiƙe take, kuma bai damu ya share ba. Ta tsuguna gefensa.

"In kashe, Baba?"

"Bari tukuna. Awakin ba su gama shiga ba."

Ta jawo kujera ta zauna, suka ci gaba da sauraro har aka kira la'asar a masallacin bayan layi.