Tuta a Rabin Sanda

Da hantsi jirgin yaƙin ya lallaɓa tsakanin tsibirai, ya lafe a jikin wani dutse. Don haka aka ƙera shi: gajere ne, ruwan toka, ba ya buƙatar zurfi. Sojoji suka lulluɓe shi da raga mai launin duwatsu. Makonni ke nan ana atisaye, wayoyin kowa suna kulle.

Aka ba wani soja, Arvid, gadi a saman jirgin. A tsallaken ruwan kuwa tsibirinsu ne, ga jan gidan katakon da aka haife shi a ciki.

"Kai ɗan masunta," in ji abokinsa Melker, "yi iyo ka karɓo mana kifin tsohonka mana. Miyar waken nan ta ishe ni."

Arvid ya kafa madubin hangen nesa a ido. Tutar ƙofar gidansu tana rabin sanda.

Ya sauka ya sami Kyaftin Gunhild.

"Kyaftin, an yi rasuwa a gidanmu."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ranar da za mu tashi na tambayi kowa, in mummunan labari ya zo, a faɗa masa a teku ko a bari sai mun koma. Me ka ce?"

Ya tuna. Da dariya ma ya faɗa, wai tsohon nan sai ya binne su duka.

"Na ce a bari."

"Mahaifinka ne. Kwana biyu ke nan da zuwan saƙon."

"Jana'iza fa?"

"Ba su faɗi rana ba. In na saki kwalekwale yanzu, an gano mu. Da yamma atisaye zai ƙare, zan sa a kai ka."

Ya koma bakin aikinsa. A nan ba a gaggawar binne mutum, ya ce wa kansa, zai riski akwatin gawar, ya kama gefe ɗaya.

Bayan azahar iska ta kawo ƙarar ƙararrawar coci. Can sai kwalekwale suka fara dawowa gida, cike da mutane cikin baƙaƙen kaya. Ƙanwarsa Tuva ta fito ita kaɗai, ta kwance igiya, ta ja tutar har ƙololuwa. A tsibiran nan sai an rufe kabari ake yin haka.

"Kawo madubin, je ka zauna," in ji Melker a hankali.

"Lokacin gadina bai cika ba," in ji Arvid.