Zaman Makokin Mista Alan

Lokacin da 'yan pompiye, ma'aikatan agajin gaggawa, suka sauko da Mista Alan a kujerar marasa lafiya, takalmi ƙafa ɗaya ne a ƙafarsa. Ni'ima ta biyo su da ɗayan a hannu, tana neman inda za ta tsugunna ta saka masa, ba ta samu ba, don matattakalar gidan ƙunci gare ta, tsohon gini ne irin na unguwar Croix-Rousse da ba shi da asansar, na'urar hawa bene.

"Bar shi, yarinya," in ji shi da Ingilishi, numfashinsa sama-sama. "Ba rawa za ni ba."

Matarsa Madam Brenda ta fito a baya. Ta riga ta sa kwat, ta kashe murhu, ta rufe tagar kicin. Ta karɓi takalmin ta jefa a jaka, ta ce, "Akwai miya a firiji. Kada ki jira mu."

Ni'ima 'yar Damagaram ce. A Paris ta yi karatunta, a La Courneuve, gidan kawunta Dodo, wanda ya tsufa yana jan kaya a kasuwar Rungis. Da ta gama, duk ofishin da ta shiga neman aiki sai a tambaye ta Ingilishi, Ingila kuwa biza ta gagara. Shi ne wata makarantar koyon harshe a Lyon ta haɗa ta da waɗannan tsofaffi biyu, mutanen Ingila da suka daɗe a garin suna sauke ɗalibai a ɗakin ɗansu da ya koma garin Leeds a Ingila. Dokar gidan guda ce: in ka shigo, ka bar Faransancinka a waje tare da lema.

Wanda bai zauna da Bature a gidansa ba bai san shi ba. A titi kowa mutum ne. A cikin gida ake ganin bambanci. Farkon zuwanta, Ni'ima ta ɗauka ba a son ta. Za a ci abinci shiru, cokali ba ya ƙara. In ta ce za ta yi wanke-wanke, a ce ta zauna. In ta zauna, ta ga tsohuwa a tsaye gaban famfo, abin ya tsaya mata a rai. Sai da ta lura an sayo sabuwar tukunya da sabon kasko an ajiye mata su daban, naman alade kuma ya ɓace daga firiji ba tare da kowa ya ce uffan ba, sannan ta gane irin nasu son ke nan.

Mista Alan shi ne mai surutun gidan. Tsohon malamin makaranta ne, dogo, da wata rigar sanyi ta ulu mai ruwan ƙasa wadda gwiwar hannunta ta sha faci. A cikinta yake wuni. Da safe Ni'ima kan juya masa gaisuwar gida zuwa Ingilishi: ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya ƙafa, yaya Madam. Ya yi ta dariya, ya ce a garinsu duk wannan kalma biyu ce. Daga baya in ta tsallake ɗaya sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba ki tambayi ƙafa ba." Madam Brenda kuwa, ranar da Ni'ima ta kira ta Mama, sai fuskarta ta yi ja, ta ce, "Brenda kawai." Bakin Ni'ima ba zai iya kiran sa'ar kakarta da suna tsirara ba, aka tsaya a Madam Brenda. Amma a zuciyarta ta gama yanke cewa ita 'yar gida ce. Haka take faɗa wa uwarta a waya.

Ciwon zuciya ne ya kayar da shi. Ya yi kwanaki a asibiti, kullum Ni'ima in ta tashi daga aji sai ta hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta je. Wata la'asar, Madam Brenda ta sauka neman kofi, ya juyo da kai kan matashi ya ce, "A garinku, in mutum ya mutu me ake yi?"

"Mista Alan, bar wannan magana."

"Darasi ne. Ba ni labari, ki kula da kalmominki."

Ta ba shi. Ta ce gida cika yake tun kafin a fita da gawa. A shimfiɗa tabarmi, mata a ciki, maza a ƙofar gida. Maƙwabta su ɗora tukwane, mai makoki ba ta taɓa ko tsintsiya. Ba a barin ta ita kaɗai ko da minti ɗaya.

Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Kun more. Mu shayi ake dafawa, a ce ba komai." Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, "Ki riƙa duba mini Brenda. Ba za ta taɓa cewa tana bukata ba."

Ranar da ya cika, Ni'ima tana aji. Ta dawo da rana ta tarar da Madam Brenda a kicin, kayansa a cikin leda a kan tebur.

"Alan ya tafi da safen nan," in ji ta. "Bai wahala ba. Kina shan shayi?"

Ni'ima ta durƙushe tana kuka, tsohuwar ce ma ke bubbuga kafaɗarta. Aka wuni. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyar ƙasa ta turo ɗan kati ta ƙarƙashin ƙofa ta koma. Ɗan da ke Leeds ya yi waya ya ce sai ƙarshen mako zai samu zuwa. Madam Brenda ta zauna a falo daura da kujerar mijinta, rigar sanyin tana rataye a jikin kujerar yadda ya bar ta, ba ta kunna ko rediyo ba. Ni'ima ta leƙa, ta koma, ta sake leƙawa. Mutum ya shekara hamsin da mace, a ce ya mutu gida shiru kamar an fita cefane.

Ta shiga ɗaki ta kira Inna Sabuwa a unguwar Minguettes, wata dattijuwa 'yar unguwarsu a Damagaram, wadda duk rasuwar da aka yi cikin mutanenmu na Lyon ita ce kan gaba. Sannan ta kira kawunta.

"Allah ya ba ta haƙuri," in ji Dodo. "Amma tsaya. Kin tambaye ta?"

"Kawu, ana tambayar mai makoki ko tana son a zo?"

"Su ana tambayarsu. Ko kujera za ki ja musu sai kin tambaya. Na shekara talatin ina cin abinci da su a Rungis, ban san ƙofar gidan ko ɗaya ba."

"Shi da bakinsa ya ce in duba ta."

"Ya ce ki duba ta, ko ya ce ki kai mata Minguettes?" Ya ja numfashi. "Bon. Gobe in na taso aiki zan hau jirgin ƙasa."

Washegari Madam Brenda ta fita da hantsi wajen masu shirya jana'iza. Fitarta ke da wuya mata suka fara hawowa, suna haki a matattakala, da tukwanen shinkafa da dambu a naɗe cikin zannuwa. Takalma suka cika bakin ƙofa. Inna Sabuwa ta dubi falon sau ɗaya ta fara ba da umarni. Aka tura tebur jikin bango, aka kai kujerar Mista Alan baranda don a samu fili, aka shimfiɗa dardumai. A'i, matar wani direban bas, mace mai zafin nama da ba ta iya zama hannu sake, ta share, ta goge, ta tattara kayan mamaci yadda ake yi, ta zuba a injin wanki.

"Baiwar Allah, ba ta da kowa?" in ji wata.

"Ɗa ɗaya, yana can."

"Ɗa ɗaya kamar maganin ido. To ga mu, mu ne danginta yau."

Ni'ima tana kai da komo da kofuna, ranta ya ɗan yi sanyi. Gidan ya yi kama da gidan da aka yi rashi.

Da aka ji makulli a ƙofa sai kowa ya juyo. Madam Brenda ta tsallake takalman ta shigo, ta tsaya. Mata suka miƙe suna yi mata gaisuwa, wasu da Faransanci, wasu da Hausa, Inna Sabuwa ta kama hannunta da hannu biyu. Tsohuwar ba ta janye ba. Idonta na kan gurbin da kujerar take, inda ƙafafunta suka bar shaida a kafet.

"Ni'ima," in ji ta a hankali. "Ina rigar da ke kan kujera?"

A'i ta gane abin da ake nema, ta je da sauri ta ɗauko ta daga inda ta shanya. "Na wanke miki, Madam. Fes."

Rigar ta tsuke, ta zama kamar ta yaro, ruwan zafi ya cinye ulun. Madam Brenda ta karɓa, ta kai hancinta. Ƙamshin sabulu ne kawai. Ta daɗe a haka. Sannan ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana ba su hannu, tana cewa ta gode, sun kyauta, amma tana roƙonsu su tafi. Murya ba ta tashi ba, fuska ba ta canja ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Suka sauka suna ƙunƙuni. A matattakala wata ta tambayi yaushe za a kai shi, Ni'ima ta ce ba binnewa za a yi ba, ƙonawa ya zaɓa. Sai salati ya tashi ƙasa-ƙasa. A nan Dodo ya ci karo da su yana hawowa da 'yar jakarsa. Bai tambayi kowa komai ba. Tukwanen da aka sauko da su a cike sun ba shi labari. Ya shiga, ya cire hula, ya faɗi kalma uku na ta'aziyya da Faransanci. Ya fita baranda ya ciccibo kujerar, ya daidaita ƙafafunta a kan shaidarsu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Madam Brenda ta dubi Ni'ima. Da Faransanci ta yi magana, abin da ba a taɓa ji daga bakinta a gidan ba.

"Na san alheri kika nufa. Zan yi wa makaranta magana su nemo miki wani gida. Ba zan iya da baƙo yanzu ba."

Ta shige ɗakinta da rigar, ta rufe ƙofa.

"Baƙo," in ji Ni'ima da suka fito waje. "Kawu, ka ji? Baƙo ta ce."

"Na ji. To da mece ce ke?" Ya ga idonta, sai ya sassauta. "Haɗa kayanki mu koma Paris da jirgin yamma. Kin yi abin da aka koya miki, ita ma ta yi abin da aka koya mata."

"Ba zan tafi ba sai an kai shi."

Ya kaɗa kai, ya mayar da hularsa, ya sauka.

Jana'izar ba ta kai tsawon sallar Juma'a ba. Mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba. Aka sa wani kiɗa da yake so, labule ya rufe akwatin, aka fito. Ni'ima tana kujerar baya. Ɗan, wani mai sanƙo da muryar ubansa, ya ba ta hannu ya ce, "Ke ce ɗalibar." Daga bakinsa ta ji cewa za a sayar da gidan, zai dawo ya ɗauke uwarsa zuwa Leeds kafin sanyi ya shigo. Ya kwana biyu ya koma bakin aikinsa. Makaranta ta ce babu wani gida sai bayan hutu, sai dai ta jira a Paris.

Duk kwanakin nan Madam Brenda ba ta fitowa sai ta ɗauki shayi. In sun haɗu a kicin, sannu, sannu, kowa ya wuce.

Ranar tafiya Ni'ima ta naɗe zanen gado, ta goge ɗakin, ta jawo akwatinta bakin ƙofa tun azahar. Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ɗakin tsohuwar ta yi sallama, sai ta fasa. Ta zauna a ƙasa cikin ɗan lungun da ke tsakanin ɗakunan, ta jingina da bango, ta ja mayafinta ta rufe ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi addu'a da ƙarfi ba. Zama kawai ta yi.

An jima ƙofar ta buɗe. Madam Brenda ta tsaya da kofi a hannu, gashinta ba a taje ba, ta dube ta.

"Me kike yi a ƙasa?"

"Zama nake."

"Haka kuke yi?"

"Haka muke yi."

"Kuma ba a cewa komai?"

"Ba dole ba ne."

Tsohuwar ta dubi akwatin, ta dubi yarinyar. "Jirginki fa?"

"Akwai wani bayansa."

Madam Brenda ta ajiye kofin a kan kantar takalma. Ta dafa bango, ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ƙasusuwanta suna ƙara, har ta kai ƙasa. Ta miƙe ƙafafunta a ɗaya ɓangaren lungun. Wurin ƙunci gare shi, tafin ƙafarta ya kusa taɓa gefen zanen Ni'ima. Hasken la'asar da ke shigowa ta ƙofar kicin ya kwanta a tsakaninsu, yana ja da baya kaɗan-kaɗan. A ƙasa wani ya wuce da keke yana kaɗa ƙararrawa.