Kawu a Kan Benci

Asibitin gwamnati ne, kyauta ake duba kowa, amma duk wanda ya taɓa zuwa ya san ƙofa biyu gare shi. Akwai ta gaba, inda marasa kowa ke jeruwa a kan benci tun safe har rana ta karkata. Akwai kuma ta baya, kusa da inda ake shanya zannuwan gado, wadda dangin ma'aikata ke bi: surukar mai ba da magani, abokin ƙanin direba, maƙwabciyar mai shara. Ka ƙwanƙwasa, a leƙo, a ga fuskar sani, sai ga ka gaban likita ko gumi ba ka yi ba.

Da gwamnati ta kawo sabon tsari, cewa ta yi a daina duba wa ya riga wa, ko wa ya san wa, a duba wa ya fi jin jiki. A auna mutum a bakin ƙofa, a ɗaura masa zare a wuyan hannu: mai ja ya shiga nan take, mai rawaya ya ɗan dakata, mai kore ya gyara zama. Ma'aikata suka yi tafi a wurin taro, suka fito suna dariya, don sun ga tsari iri-iri ya zo ya wuce. Sista, babbar nas ta sashen, ita ce ba ta yi dariya ba. Kwaɗo ta sayo ta garƙame ƙofar baya, ta rataya makullin a wuya.

"Ba komai," in ji Dogo mai gwajin jini. "Bari naki ya zo, mu sha kallo."

Nata kuwa ya zo. Kawu ne, yayan mahaifiyarta, telan da ya riƙe ta tun tana ƙarama, ya taka keken ɗinki har ta zama nas. Gwiwarsa ce ta kumbura. Ya ƙwanƙwasa ƙofar baya kamar yadda ya saba, ta amsa ta taga.

"Kawu, ina kwana. Ka zagayo ta gaba, zan tarye ka."

"Ta gaba? Ke 'yar nan, ni ne fa."

"Na san kai ne, Kawu."

Da hannunta ta auna shi. Jini lafiya, babu zazzaɓi, gwiwa ce kawai mai ciwo amma ba mai kisa ba. Ta ɗauko zare kore.

"Ni za ki ɗaura wa zare kamar akuyar da aka kai kasuwa?"

Ta ɗaura. Dogo ya jingina da bango yana murmushi, sauran ma'aikata kuma kowa ya samu abin yi a kusa da wurin. Ta san in ta buɗe wa Kawu yau, gobe kwaɗon ya zama ado.

Kawu ya zauna tsakanin wani magini mai kumburarren yatsa da wata tsohuwa mai tari. Aka shigo da jariri yana numfashi da ƙyar, aka wuce da shi. Aka kawo mai naƙuda, aka wuce da ita. Rana ta take, zafi ya cika zauren. Da Sista ta fito daga ɗakin likita, wurin Kawu wayam, sai zaren kore a tsinke a kan benci. Ta tsince shi ta sa a aljihu. Zuciyarta ta yi mata zafi ƙwarai, amma ta kira mai rawaya na gaba.

Da ta tashi aiki ko gida ba ta biya ba, shagonsa ta nufa. Yana zaune gaban keke, ƙafar a miƙe a kan kwali.

"Kawu, barka da yamma."

Bai ɗago ba. "Akwai mutane a gabanki. Ki bi layi."

Mutum biyu ne ke jiran ɗinki. Ta zauna a ƙarshen bencinsa da fararen kayanta. Kawu ya auna na farko a tsanake, ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu maɓalli kawai ya kawo, amma sai ka rantse rigar aure ake ɗinka masa. Ba ta motsa ba. Taurin kai dai a wurinsa ta gada.

Da shagon ya rage su biyu ya ajiye almakashi.

"Ranar naka sai naka, haka na ji ana faɗi. Ni tawa a gaban jama'a ta kunyata ni."

"Kawu, a wane benci Inna ta zauna ranar?"

Kawu bai manta ba. Shi ya kai ƙanwarsa asibitin nan shekarun baya, tana dafe da ƙirji, ba su san kowa a ciki ba. Yana kallo masu lafiya fiye da ita suna shiga ta baya. A kafaɗarsa ta jingina kai, har layi ya zo kanta ba ta ɗago ba, rai ya yi halinsa.

"Na kusa da famfo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ai don haka na kai ki makarantar nas. Don mu ma mu samu namu a ciki."

"Ni kuma don haka na sayi kwaɗo. Da yau ne, ja za a ɗaura mata." Ta fito da tsinkakken zaren ta ajiye a kan keken. "Gwiwar nan sai likita ya gani. Gobe ka dawo. Kore zan sake ɗaura maka, kuma ba zan buɗe ƙofar ba."

Kawu ya ɗauki zaren ya murza shi tsakanin yatsu, ya daɗe yana kallonsa.

"Zaren banza suka sayo muku. Fizga ɗaya ya tsinke."

Ya jawo durowa, ya lalubo kore mai ƙwari cikin nasa, ya yanka da haƙori, ya miƙa mata wuyan hannunsa.

"Ƙulla da kyau," ya ce. "Jiran da tsawo."