Baƙi Bakwai a Ɗakin Baba Sanyi

Shekara ashirin da takwas Baba Sanyi ya yi yana gyaran firji a wani shago mai rufin kwano, bai taɓa tunanin aikinsa ya wuce tsawon rufin nan ba. Sai ranar da ƙungiyar masu gyara ta tura shi bita ta kwana biyu, don kawai shugabansu ya gurɗe a ƙafa.

Wata injiniya ce ta koyar da su. Ta haska hoton duniya a bango, da wani tabo shuɗi a can ƙarshen kudu. Ta ce a sama, nesa da inda gajimare yake, akwai wata iska mai suna ozon, ita ke tare zafin hasken rana da ke ƙona fata yana lalata ido. Tsohon gas na firji idan aka sake shi sai ya hau can a hankali, rana ta fasa shi, sinadarin da ya fito ya yi ta cin ozon har ta yi siriri kamar ta huje, hujin kuwa shi ne wancan tabon. Shi ya sa ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniya, aka daina ƙera shi, wanda ya rage kuma zuƙe shi za a yi a tukunyar ƙarfe a kai ofis.

Baba Sanyi ya ɗaga hannu ya tambayi inda gas ɗin da ya yi ta huda bututu yana saki tun yana saurayi ya tafi. Ta ce wataƙila wani yana saman har yanzu. Ya tambaya ko ana iya gane nasa. Ajin ya fashe da dariya, shi kuwa da gaske yake.

Ya dawo da takardar shaida da aron injin zuƙa. Da yayansa, mai facin taya, ya ji labari, abin da ya fara tambaya shi ne faɗin hujin, domin shi dai bai taɓa ganin hujin da ya gagari faci ba. Da aka ce ya fi ƙasashe da yawa girma, sai ya ce lallai an yi sakaci.

Cikin sati biyu tukunya ta cika, Baba Sanyi ya ɗora ta a babur ya kai ofis. Akawun ya yaba masa ƙwarai, sannan ya ce ba a gina ma'ajiya ba tukuna, kuma mai sa hannu a fom ya tafi bita kan yadda ake cike fom ɗin. Ya ce masa ya koma da ita ya ajiye a wuri mai sanyi, kada ta ga rana, kada ta yi yoyo.

Shago kamar tanda yake. Da ya zagaya gida yana taɓa bango, wurin da ya fi sanyi shi ne ɗakin kwanansu. Ya shimfiɗa wa tukunyar tabarma, ya juya mata fanka.

"Baban yara, mu kuma fa?" in ji matarsa.

Ya ce su ai ko sun yi gumi ba sa cin ozon.

Labari ya bazu a layi. Mutane suka riƙa kawo matattun firji a baro, kansu a sunkuye kamar masu kawo ƙarar kansu. Bai iya cewa a'a ba. Kafin wata uku tukwane sun zama bakwai, an fitar da gado falo. Kowace safiya yayansa yakan zo da ruwan sabulu ya shafa a bakin kowace tukunya, su biyu su tsuguna suna jiran kumfar da za ta nuna yoyo.

Abin ya kai maƙura ranar da surukarsa ta zo, tsohuwa mai raunin gani. Ta leƙa ɗakin, ta ga bakwai a jere an lulluɓe su da zane, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da ta fito ta ce wa 'yarta dangin mijinta ba su da tarbiyya, amma a kai musu ruwa.

Washegari matar ta kira motar kaya, aka loda tukwane bakwai da mai su. A ofis ta karɓi lambar layi guda bakwai, ta jera su a kan bencin jira ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ta manna wa kowace lambarta. Akawun ya taso yana cewa doka ba ta ba shi ikon karɓa ba.

"Ba mu ce ka karɓa ba, ranka ya daɗe. Jira suke yi. Ko an hana jira?"

Ya buɗe kundin dokoki ya duba har ƙarshe, bai samu ba. Haka suka zauna kwana goma sha tara, masu zuwa ofis suna tsayuwa a bayansu. Ranar da wani babban baƙo ya rasa wurin zama, a ranar aka gano cewa akwai ɗaki a bayan ginin, kuma makullinsa yana aljihun mai gadi.

Baba Sanyi ya je karɓar fom ɗinsa, ya ci karo da injiniyar a matakala. Ya tambaye ta yaushe saman zai warke. Ta ce yana warkewa a hankali, amma hujin kudun nan zai ɗauki kamar shekara arba'in.

Ya lissafa da yatsu a kan babur, ya ga a lokacin zai kai shekara casa'in da bakwai. Yana isa gida ya ce wa matarsa daga yau ta rage masa gishiri da mai a abinci, yana da abin da yake so ya tsaya ya gani. Ta ce to, amma ya fara kama mata gadon su mayar ɗaki.